Yau na shiga gidan da na yi shekara biyu ina leƙensa ta waya

Midyat, daren Laraba.

Ƙafafuna sun yi tsami, amma idan ban rubuta wannan yanzu ba, gobe zan fara ƙara masa gishiri.

Tun ranar da muka fara shirin zuwa Turkiyya na gaya wa baban yara cewa ko me zai cire daga tafiyar nan, kada ya taɓa mini Midyat. Shi dai dariya yake yi. A wurinsa ba ƙaramin ɓata kuɗi ba ne mutum ya baro Istanbul, ya hau jirgi na wajen awa biyu zuwa Mardin, don kawai ya ga gidan da aka yi wasan kwaikwayo. Ban yi musu da shi ba. Wanda bai raba dare yana jiran a fassara kashi na gaba na Hercai, wasan kwaikwayon Turkiyya da aka ɗauka a Midyat, ba, ba zai gane ba. Tashar ATV ta fara nuna shi a watan Maris na 2019, aka kammala a 2021, ni kuma lokacin kullen korona na faɗa cikinsa tsundum. Kowane kashi ya haura awa biyu. Ni da Yaya, kowa tana gidanta, sai mu kunna lokaci guda, muna kallo muna tura wa juna saƙo: “Kin ga abin da tsohuwar nan ta sake ƙullawa?”

Da hantsi muka shiga ƙaramar bas ɗin da suke kira dolmuş daga Mardin. Tafiyar kilomita sittin da 'yan kai ce, awa ɗaya da ɗan wani abu. Duwatsu, gonakin inabi, sai kuma duwatsu. Na yi gyangyaɗi.

Garin kashi biyu ne, akwai Estel, akwai tsohuwar Midyat, kuma mu a Estel muka sauka bisa kuskure saboda na ji an ce an iso na yi zumbur na miƙe. Sai da muka sake neman wata motar. Baban yara bai ce uffan ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

Gidan da na zo dominsa sunansa Midyat Konukevi, wato masaukin baƙi, amma da yawa a nan “Sıla Konağı” suke ce masa, saboda wani shiri mai suna Sıla da aka ɗauka a cikinsa tsakanin 2006 da 2008, tun kafin Hercai ya zo ya ƙara masa farin jini. Muka biya 'yan lirori a ƙofa, muka shiga.

Wallahi na yi tsaye sororo.

Tsakar gidan ƙarama ce. Ba wai ƙarama sosai ba, amma ni da nake ɗauke da wani makeken fili a kaina, inda mutum zai fito daga wancan ɓangare yana taku ɗaiɗai, kiɗa yana tashi, a yi minti guda bai iso ba, sai ga shi taku kaɗan na ƙure ta. Matakalar ma matsattsiya ce, sai mai saukowa ya raɓe kafin mai hawa ya wuce. Ashe duk faɗin nan aikin kyamara ne: a ajiye ta ƙasa-ƙasa, a sa mata gilashin da ke buɗa wuri, a rage gudun hoto, shi ke nan ƙofar da ba ta fi ta kowa ba ta koma ƙofar fada. Wani abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne, ɗakin da kike gani an shiga ba lallai yana bayan ƙofar da aka buɗe ba. Ana iya buɗe ƙofa a nan, a ɗauki cikin ɗakin a wani gida daban, a haɗa. Na leƙa ɗakuna uku ina neman wani falo da na haddace har labulensa. Babu shi.

Ga mutane maƙil. Mata da 'yan mata kowacce ta ɗaura gyale irin na yankin, ana layi a kan matakala don ɗaukar hoto. Wata amarya da farar riga ta tare wuri mafi kyau ita da mai hotonta, ba su da niyyar matsawa. Na ji haushi, sannan na tuna ni ma abin da ya kawo ni ke nan.

Na kira Yaya ta bidiyo, na juya mata wayar. Ta yi shiru, can ta ce, “Ke, anya ba wani gidan suka kai ki ba?” Na ce, “Yaya, shi ne, dubi tagogin.” Da ta ga zanen da ke kewaye da taga sai ta saki ihu, har wani dattijo ya waiwayo.

To, a nan ne abin ya juya mini. Zanen nan. A waya ado ne kawai a bayan 'yan wasa, ido ba ya tsayawa a kansa. Yau na sa hannu na shafa. Reshen inabi, furanni, igiya murɗaɗɗiya, duk an sassaƙa su a jikin dutse kamar ɗinkin hannu a wuyan riga. Dutsen yankin ne, launinsa tsakanin ruwan zuma da ruwan ƙasa. Idan aka haƙo shi sabo yana da laushi, wuƙar masassaƙi tana cinsa, sai ya sha iska ya yi tauri. Bangon kuma kauri gare shi, shi ya sa waje rana tana dukan ƙeya, ciki kuwa sanyi kamar randa. Wannan kyamara ba ta ƙara masa komai ba, rage shi ma ta yi.

Muka hau can saman bene. Garin gaba ɗaya ya bayyana, launi guda, rufin gida yana taɓa rufin gida. A kan wasu rufin akwai manyan gadaje masu dogayen ƙafafu, inda iyali ke kwana lokacin zafi. Hasumiyar masallaci a nan, hasumiyar ƙararrawar coci a can, ba nisa tsakaninsu. Midyat tsohon mazaunin Kiristocin Suryani ne, kuma gidan ibadarsu na Mor Gabriel, wanda aka kafa a shekarar 397, yana nan kusa da garin, har yau ana ibada a cikinsa. A kasuwa kunnena ya tsinci Turkanci da Kurdanci da Larabci. Shekara biyu ina kallon garin nan, abin da na sani game da shi kawai gaba da ramuwa tsakanin gidaje biyu da ba su taɓa wanzuwa ba.

Muna can sama aka kira sallar azahar. Baban yara, wanda tun safe yake tafe kamar an jawo shi da igiya, shi ne ya ƙi saukowa bayan mun yi niyyar tafiya. Yana ta ɗaukar hoton rufin gidaje. Na ce, “Alhaji, ba kai ne mai cewa ɓata kuɗi ba?” Ya ce shi gini ya zo gani, ba ruwansa da wasan kwaikwayona.

Bayan sallah muka bi layin maƙeran azurfa. Aikin telkari suke yi, zaren azurfa siriri kamar gashi ake lanƙwasawa a cika shi cikin 'yan kunne da awarwaro. Na tsaya kallon wani yana aiki da ɗan hantsaki har na manta da ciniki. Na saya wa Yaya 'yan kunne, nawa kuma na ce sai gobe, don na san idan na zauna a shagon nan kuɗin komawa Mardin ma ba zai tsira ba.

Ɗazu da muka dawo masauki na buɗe wani tsohon kashi a waya, don in gwada. Ga jarumar tana saukowa daga matakala tana kuka, ni kuma idona yana kan dutsen da ke bayanta, ina neman reshen inabin da na shafa. Sai da na mayar da shi baya sau biyu kafin in ji abin da take faɗa.