Saƙon imel na bogi: inda za ka duba kafin ka danna

Sunan da ke saman saƙon imel ba shaida ba ne. Tun asali ba a gina tsarin imel da hanyar tabbatar da mai aikowa ba. Kamar ambulan ne, mai wasiƙa shi ke rubuta sunan da ya ga dama a bayansa. Ɗan damfara zai sa sunan bankinka, ya kwafo tambarinsa da launinsa, har da gargaɗin nan na ƙasa da ke cewa a yi hattara da 'yan damfara. A da ana gane su da kurakuran rubutu, amma yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira na tsara musu saƙo tsaf, don haka wannan ma'aunin ya daina aiki. Abin da suka kasa ɓoyewa har yau shi ne adireshin shafin da suke son kai ka.

Fara da mai aikowa. A waya, yawancin manhajojin imel suna kawai suke nunawa, sai ka taɓa shi cikakken adireshin ya fito. Abin da ke bayan alamar @ shi ne abin dubawa. In saƙo ya ce daga banki yake amma ya ƙare da gmail.com, magana ta ƙare. Ka duba kuma inda amsa za ta tafi, domin akan sa adireshi mai kyau a gaba, a karkatar da amsar zuwa wani akwatin. Sai dai ko adireshin ya yi daidai, kada ka saki jiki. Idan an yi wa abokinka kutse, da adireshinsa na gaskiya za a rubuto maka.

Mahaɗin da aka ce ka danna ya fi muhimmanci. A kwamfuta, ɗora linzami a kansa ba tare da ka danna ba, ainihin adireshin zai bayyana a ƙasan allo. A waya, ka danne shi ka riƙe har ya nuna. Ga yadda ake karanta shi: ka tsallake https://, ka nemi layin karkace na farko, wato /, sannan ka karanto da baya daga nan. Kalmomi biyun da ke manne da layin su ne mai gidan. A paypal.com/signin, mai gida paypal.com ne. A paypal.com.tabbatar-asusu.xyz/signin kuwa, mai gida tabbatar-asusu.xyz ne, sunan PayPal ado kawai aka yi da shi a gaba, domin wanda ya mallaki adireshi yana da ikon rubuta duk abin da yake so a hagunsa. Inda adireshi ya ƙare da irin co.uk, kalmomi uku za ka ɗauka.

Akwai kuma wasa da haruffa. Ana haɗa r da n su yi kama da m, ana sa lamba 1 a madadin l. A 2017 wani mai bincike ya yi rajistar adireshi da haruffan rubutun Rasha, wasu burauzoji suka nuna shi sak apple.com. Shi kuma ɗan kwaɗon da ke gefen adireshi, ma'anarsa kawai babu mai leƙen abin da ke wucewa tsakaninka da shafin, ko da shafin na ɓarawo ne. Yawan fahimtarsa a baibai ya sa Chrome ya cire shi a 2023. Gajeren mahaɗi irin na bit.ly da hoton lambar QR a cikin imel, dukansu hanyoyi ne na hana ka yin wannan karatun.

A ganina, ko ka iya karatun, gara ka ƙi shiga ta ƙofar da saƙo ya buɗe maka. An ce za a rufe asusunka cikin awa 24? Rufe saƙon, buɗe manhajar da kanka ko ka rubuta adireshin da hannunka. In da gaske akwai matsala, za ka tarar da ita a can. Gaggawar da suke cusawa ita ce makaminsu, don mutum in hankalinsa ya tashi ba ya tsayawa karatu. A watan Maris na 2016, saƙo irin wannan ne ya isa ga John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton a Amurka, wai Google ne ke sanar da shi cewa wani ya samu kalmar sirrinsa, ya gaggauta canzawa. Gajeren mahaɗi aka saka a ciki, kuma ta nan aka kwashe dubban saƙonninsa.

Akwatin imel ya fi kowane asusu buƙatar tsaro, saboda duk shafin da ka manta kalmar sirrinsa, can yake aiko da hanyar sabuntawa. Wanda ya riƙe shi ya riƙe sauran. Ba shi kalmar sirri doguwa wadda ba ka amfani da ita a ko'ina, domin in aka sace bayanan wani shafi, ɓarayin na gwada su a sauran shafuka. Kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi asusu biliyan 3. Shafin Have I Been Pwned na nuna ko adireshinka na cikin bayanan da suka fita. Manhajar adana kalmomin sirri na da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: adireshi take dubawa, ba kamannin shafi ba. Idan ta ƙi cike maka gurbi a shafin da ka saba shiga, ka dakata.

Kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri, amma ka san ba duka ne ƙarfinsu ɗaya ba. Lambar da ke zuwa ta saƙon tes ita ce mafi rauni, tunda ana iya yaudarar kamfanin waya a mayar da layinka kan wani sim. Manhajar da ke fitar da sabuwar lamba mai alƙaluma shida duk bayan daƙiƙa 30 ta fi ta, sai dai shafin bogi na iya karɓar lambar daga hannunka ya miƙa wa shafin gaskiya nan take. Abin da ke toshe wannan shi ne makullin tsaro da ake soka wa kwamfuta, ko tsarin passkey na waya, wato shiga da zanen yatsa, fuska ko lambar buɗe wayar maimakon kalmar sirri, don an ɗaure su da adireshin gaskiya. Google ya ce a 2018 babu ko ɗaya cikin ma'aikatansa sama da 85,000 da aka sace wa asusu ta wannan hanya tun da ya wajabta musu makullin a farkon 2017. Ita kuwa lambar, duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa, ɓarawo ne, ko da wane suna ya zo.

Masu kasuwanci da ma'aikatan kuɗi, taku ta bambanta. Ba mahaɗi, ba fayil, saƙo ne cikin ladabi daga wanda kuke sayen kaya a wurinsa, wai sun canza asusun banki. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi awon gaba da sama da dala miliyan 100 daga Google da Facebook da takardun biya na jabu da sunan kamfanin Quanta na Taiwan. Maganin kiran waya ne, da lambar da kuke da ita tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba.

Fayil ɗin da ba ka jira ba, kada ka buɗe, musamman mai ƙarewa da .exe, .zip, .iso ko .html. Windows na ɓoye ƙarshen sunan fayil, sai rasit.pdf.exe ya fito a matsayin rasit.pdf, don haka ka kunna nuna shi a saituna. Tarkacen saƙonni kuma, kada ka amsa, ka tura su akwatin Spam don matatar ta koya. Maɓallin daina karɓar saƙo na kamfanin da ka yi rajista da shi ne. A saƙon baƙo, danna shi shaida ce cewa akwatin na da rai.

In har an riga an shigar da kalmar sirri a shafin bogi, canza ta nan take, a nan da duk inda aka maimaita ta. Fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, don canza kalmar ba koyaushe ke korar wanda ya riga ya shiga ba. Sai ka shiga saituna ka duba abu uku: lambar waya da imel na farfaɗo da asusu, manhajojin da aka ba izini, da umarnin tura saƙonni zuwa wani adireshi. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, kuma da shi ɓarawo ke ci gaba da karanta wasiƙunka watanni bayan ka ɗauka ka kore shi. Idan bayanan kati ne, kira lambar da ke bayan katin a toshe shi. Bayan haka ka sa ran wani zai tuntuɓe ka da alƙawarin ƙwato kuɗin in ka biya ladan aiki. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo, ko waɗanda suka sayi sunanka a hannunsu.