Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Ɗalibai Suka Sa Mini Suna Malam Sai-Me

A makon jiya na tsaya a inda aka miƙa mini takardar kama aiki a kwaleji, aka ɗora mini darasin nazarin adabi na 'yan aji biyu. Na kuma gaya muku yadda na kwana ina murna, don a zatona ba a taɓa ba wani aiki mai sauƙin wannan ba. Littattafan nan tun ina sakandare na karance su, wasu shafukan ma a ka suke. To, ga yadda murnar ta koma ciki.

Mutum 136 ne a rajista, ɗakin kuwa da ƙyar zai ɗauki 80. Na baya a tsaye suke ɗaukar darasi, wasu sun ɗora littafi a bayan na gabansu, wasu suna leƙe ta taga. Makonni huɗu na farko abin da aka yi mini shi na yi musu. In tsaya gaban allo in jera matakai: tarihin marubuci, jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe, taurari. In waƙa ce kuma a ƙara da yawan baitoci, ƙwar nawa ce (wato layi nawa ne a kowane baiti), amsa-amon ciki da na waje, da karin da ta hau. Ina faɗa suna rubutawa, ba ka jin komai sai ƙarar biro a kan takarda. Ni kuwa ina jin kaina a sama, wai ai ilimi ne ke shiga.

Sai na ba da jinga ta farko. Tambayar gajeriya ce: a tattauna rawar da aku ya taka a littafi na ɗaya na Magana Jari Ce. Na zaɓe shi ne don na san babu wanda zai ce bai taɓa jin sa ba, littafin da Abubakar Imam ya fitar tun 1937 kuma har yau ake karanta shi a makarantu.

Ranar da na zauna maki, takarda ta farko ta fara da ba ni labarin littafin daga tushe. Shafi ɗaya, shafi biyu, shafi uku, duk labari, kamar ni ne ban karanta ba. A ƙarshe sai ga layi huɗu: marubucin ya yi ƙoƙari matuƙa, ya yi amfani da Hausa mai sauƙi wadda kowa zai gane, ya kuma kawo karin magana don ƙawata labarinsa, Allah ya jiƙansa. Na ce amin, na ɗauki ta biyu. Haka. Ta uku, haka. Kafin in kai ta talatin na fara iya karanta sakin layin ƙarshe ido rufe. Akwai guda 11 da suka zo iri ɗaya sak, har da kuskuren rubutu guda a wuri guda, ka san ke nan uwa ɗaya ta haife su.

Abin da ya fi ci mini rai ba satar amsar ba ce. A cikin duk tarin nan babu wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa akun ke ba da labari. Ga shi kuwa a fili: Sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri yana ƙulla makirci, aku kuma yana jan yaron da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarko. Labarin a nan igiya ce da ake ɗaure mutum da ita. Kowane labari da aku ya ba yaron masu sauraro biyu gare shi, mu da muke karantawa don nishaɗi, da Musa da ake ba shi don a tsare ransa. Wanda ya lura da wannan zai iya kallon kowane labari ya ce, me ya sa aka ba da wannan a daren nan, ba wani ba? Zai ma iya tuna Dare Dubu da Ɗaya, inda mai ba da labarin ranta take saye da shi kowane dare. Sunan littafin kansa ya gama faɗin maganar. Amma ɗalibaina sun wuce ta gabanta da gudu, suna sauri su cike gurbin "salo".

Washegari na ɗebi takardun na nufi ofishin wani dattijon malami da ya kusa ritaya. Ba mai yawan magana ba ne, kuma ba ya son a shigo masa da hayaniya. Na gaishe shi, na zube takardun a tebur.

"Allah ya gafarta Malam, yaran nan ba sa karatu."

Ya ɗauki guda, ya gyara tabarau, ya karanta har ƙarshe bai ce uffan ba. Sannan ya ajiye.

"Sun karanta mana, ɗana. Ba ga labarin sun kawo maka cif ba? Kai dai gaya mini, tun da ka fara shiga ajin nan, tambaya nawa ka yi musu wadda amsarta ba ta kan allo?"

Na yi shiru, don babu ko ɗaya.

Shi ya ba ni labarin wani malamin Ingila, I. A. Richards, wanda a jami'ar Kambirij ya riƙa raba wa ɗalibai waƙoƙi ba sunan mawaƙi, ba shekara, ya ce kowa ya rubuta abin da ya gani. Sakamakon ya fito a littafi a 1929, kuma abin da ya nuna shi ne ɗalibai masu kaifin basira ma, in ka cire musu sunan da za su jingina da shi, sukan kasa fahimtar ma'anar layi ta zahiri, su koma zuba abin da suka saba ji. Dattijon ya ce, "Ciwon nan ba a kanka aka fara shi ba. Je ka gwada."

A nan zan ɗan ratse, don kada wani ya ce na raina matakan nazari. Ban raina su ba, har gobe ina koyar da su. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo da ya kira nasa tsarin gadon feɗe waƙa ya san abin da yake nufi: gado wurin shimfiɗa abu ne don a ji daɗin feɗe shi. Laifina shi ne na raba wa yara gadon, ban ba kowa wuƙa ba. Sai suka riƙa kwantar da waƙa a kai, su ƙirga ƙafafunta, su mayar da ita yadda suka ɗauko ta.

Da dare na zauna na tsara baiti biyu da kaina. Ni ba mawaƙi ba ne, kuma duk wanda ya san aruli, wato ilimin auna waƙa, zai ga inda na yi tuntuɓe. Ranar darasi na shiga ban ce komai ba, na rubuta a allo:

Na share tsakar gida, na kunna fitila,
Har mai ya ƙare, ƙofa tana jira.

Na ji takun sawu, na miƙe tsaye,
Ashe iska ce ta zo ta tura.

Hannu na farko da ya tashi tambayarsa ita ce, "Malam, wa ya rubuta?" Na ce ba zan faɗa ba. Ɗaki ya ɗauki guna-guni, wani daga baya ya ce to ta ina za a fara, tunda babu tarihin marubuci? Na ce a fara da abin da ke allo. Nan da nan aka shiga abin da aka iya. Ƙwar biyu ce. Baiti biyu ne. Amsa-amon waje "ra". Wani mai ƙoƙari ya miƙe ya ce akwai mutumtarwa a ɗango na biyu, wato layi na biyu, saboda an ba ƙofa halin mutum, wato jira. Aka tafa masa, ya zauna yana murmushi.

Na ce, "Madalla, mutumtarwa ce. To, sai me?"

Ya sake miƙewa. "Malam, ai shi ke nan, mutumtarwa ce."

"Na ji sunanta. Me ta zo yi a nan? Da an cire ta me za a rasa?"

Shiru ya yi tsawo har na fara jin gumi a bayana. Na ƙudura ba zan ba da amsa ba, ko da za mu ƙare awar a haka, ga shi kuma ni kaina ban tanadi wata amsar kirki ba, na dai sa ƙofar ne don amsa-amo ya fita. Can sai wata ɗaliba da ke zama jikin bango, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu rabi-rabi.

"Malam, ni dai abin da na gani, a ko'ina cewa ake 'na': na share, na kunna, na ji, na miƙe. Wurin jiran ne kawai ba a ce 'ina jira' ba, aka ɗora wa ƙofa. Kamar mai maganar tana jin nauyin a ce ita ce ke jira."

Wallahi sai da na juya na sake karanta abin da na rubuta da hannuna. Ga "na" sau huɗu, ga gurbin da ya kamata ta biyar ta zauna an ba ƙofa. Ban san na yi haka ba.

Kafin in yi magana wani saurayi ya taso mata. Ya ce ina hujjar cewa mace ce ke magana, ai ba a faɗa ba. Ta ce shara. Ya ce shi ma yana share ɗakinsa. Aka kwashe da dariya. Ta ce to ta janye "mace", amma ba ta janye jin nauyin ba, don wannan yana cikin kalmomin, kowa ya ƙirga ya gani. Wani kuma ya ce kalmar "ashe" ita ce ta fi komai nauyi, don a nan ne zuciya ta faɗi, kuma an bar "tura" ba a faɗi abin da aka tura ba, sai mai karatu ya koma baiti na farko ya ɗauko ƙofar da kansa. Awa ta ƙare ba wanda ya duba agogo. Har na fita ana musu a baranda. Ban taɓa gaya musu ni na rubuta ba, sai yau da nake faɗa a nan.

Magana a baki daban, sa ta a takarda daban, wannan kuwa ya ɗauke mu sauran zangon. Na soke jinga mai shafi biyar, na koma sakin layi ɗaya a mako. Sharaɗin shi ne jimlar farko ta zama magana da wani zai iya musawa. "Littafin yana da jigon faɗakarwa" ba magana ba ce, babu mai ja da kai. Amma in ka ce tauraron labari ya fi wayo a lokacin da yake shiru, to ka ɗauko rigima, sai ka kawo shaida: layin da kansa, da lambar shafi, sannan ka nuna mini kalmar da ke ɗauke da abin da kake da'awa. Na hana "marubucin ya yi ƙoƙari" da "Hausa mai sauƙi" shiga takarda. Ba da labari kuma na ce kada ya wuce layi biyu, iya abin da hujja ke buƙata.

Sun sha wuya, ni ma na sha. Sakin layi 136 kowane mako ba wasa ba ne, jan birona ba ya kai wata. Na daina gyara musu jimla, sai dai in ja layi a ƙarƙashin inda mutum ya tsaya da tunani in rubuta a gefe: sai me? Wani ya rubuta cewa an yi amfani da kamantawa, sai me? An buɗe labari da ƙarshensa, sai me? Akwai yaron da na mayar wa takarda ɗaya sau huɗu. A karo na huɗu ya shigo ofis ya ajiye ta da ɗan ƙarfi, ya ce, "Malam, don Allah kai me kake so in ce?" Na ce ba ni da abin da nake so ya ce, ina so in san abin da shi ya gani. Ya tsaya yana kallona kamar na yi masa wani yare. Daga baya ya gaya mini cewa tun daga firamare ba a taɓa tambayarsa haka ba, kullum amsa tana wurin malam, aikinsa ya gano ta ya mayar.

Ba kowa ya biyo ni ba, kada in yi muku ƙarya. Kashi ɗaya cikin uku sun kama, har suka fara kawo mini abin da ban lura da shi ba a littattafan da nake taƙama na haddace. Wasu suka koyi sabuwar dabara: su ƙirƙiro magana mai zafi a jimlar farko, shaidar kuwa ko oho, sai na koma koya musu cewa ba kowace fassara nassi ke ɗauka ba. Sauran kuma suka ƙullace ni. A bakinsu na fara jin sunan, wata rana ina wucewa ta bayan aji wani ya ce, "Ku yi shiru, ga Malam Sai-Me nan." Na yi kamar ban ji ba, amma har cikin raina sunan ya yi mini daɗi.

Saura mako uku jarrabawa, wakilin aji ya same ni da ladabinsa, ya ce ɗalibai na roƙon in ba su taƙaitaccen bayanin jigo da salon kowane littafi, kamar yadda sauran malamai ke yi, don su samu abin haddacewa. Na ce babu, kuma na ƙara da cewa a jarrabawar akwai waƙar da ba su taɓa gani ba. Ya yi godiya ya fita, fuskarsa ba annuri.

Ranar Litinin ina shiga ofis na tarar da 'yar takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa. Shugaban sashe na nemana ƙarfe 10, kuma in taho da duk takardun da na yi wa maki tun farkon zango. A ƙasa an ƙara da biro: akwai koke mai ɗauke da sa hannun ɗalibai 58.

Abin da ya faru a ofishin nan, da wanda na tarar zaune a ciki yana jirana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.