Kainuwar Legas da wanda ke ciyar da ita

Ranar Talata, ko minti goma ba mu yi da barin Ikorodu ba jirgin ruwanmu ya tsaya cak. Direba ya kashe inji, ya ɗago farfela, ya sa hannu yana zaro saiwoyi baƙaƙe masu yauƙi yana watsarwa. Duk inda ka waiga kore ne shar, ka rantse fadama ce. Sau uku muka yi haka kafin mu hango gadar Third Mainland. Wani dattijo na kusa da ni ya girgiza kai ya ce, "Kainuwa dashen Allah." Na ce, "Baba, dashen nasa ne, amma takin namu ne."

Wannan ba irin ta kududdufin garinmu ba ce. Mai fure shunayya ce, asalinta Kudancin Amurka, kuma wajen 1984 ta shigo ruwan Legas ta ɓangaren Badagry. In ta samu abinci, cikin kamar mako biyu sai ta ninka kanta.

Abincin nata na san shi tun ina yaro a Kura, inda mahaifina kan sayar da akuya don ya sayi buhun takin zamani na NPK. Haruffa biyun farko, naitirojin da fosfaras, su ne dai ke cikin kashin mutum da na dabba, da jinin mayanka, da wasu sabulan wanki. Abin da manomi ke nema da kuɗi ruwa a jallo, shi birnin nan ke tuttulawa a ruwa kyauta, ta kwatoci da masai. Kogin Ogun ma yana kawo nasa kason. Na yi shekara biyu ina bin kawuna kasuwar shanu a bakin kogin, kuma da idona na ga inda kashin shanu da ruwan wankin tumbi ke gangarawa. Lokacin ko a jikina.

Abin da ya fi damuna yana ƙarƙashin ganyen. Kainuwa kan rufe fuskar ruwa, rana ba ta ratsawa. Idan rani ya kama, ruwan kogi ya ja baya, gishirin teku ya shigo, sai ta mutu ta nutse. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita su zuƙe iskar da kifi ke shaƙa. Wata mai kifi da nake ciniki wurinta ta ce masuntanta sai sun yi nisa kafin su jefa taru, ga kuɗin mai. Ni kuma ina nan ina mata ƙorafin tsada.

Ana turo ma'aikata su kwashe, wani lokaci har da inji, ba a rasa ba. Sai dai ƙarshen damina na zagayowa ta dawo, tunda kwatocin ba su daina zuba ba. Ranar dai hantsi ya dubi ludayi kafin in buɗe shago, kuma washegari mota na hau.