Shinkafar fadamar Kebbi da ruwan da ya daina bin lissafi

Manomin shinkafa a fadamar Argungu ko Suru ya san lokacin da gulbi ya saba cika, kuma ya ga yadda lissafin ya rikice masa. Abin da ba a cika yi masa bayani a kai ba shi ne yadda damina guda za ta haɗa masa fari a Yuli da ambaliya a Satumba. Shi ya sa za ka ji wani a majalisa yana cewa, wane irin ɗumamar duniya kuma ga ruwa ya ci gari?

To ai zafin ne ke kawo ruwan. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya riƙe ƙarin danshi kamar kashi 7 cikin ɗari. Sai hadari ya daɗe yana tarawa, ranar da ya tashi saki ya juye na mako biyu cikin dare ɗaya. Masu binciken da suka bi hotunan tauraron ɗan'adam sun gano cewa manyan hadarurruka masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ƙasar tudu da aka sare wa itatuwa ba ta iya shanye wannan ruwa, sai ya gangaro gulbi da yashi. Ga kuma madatsun Goronyo da Bakolori a sama da mu: in sun cika dole a buɗe ƙofa, kuma duk abin da aka saki ta Kebbi zai bi kafin ya faɗa kogin Neja. Mutanen Bagudo da Yauri kuwa nasu ruwan tun daga Nijar yake tasowa. An ga haka a 2010, an sake gani a 2020 lokacin da shinkafar damina ta nutse tana dab da nuna.

Ba mu da iko da hadari. Iri, lokacin shuka da yadda labari ke yawo tsakanin ƙauyuka kam suna hannunmu.

A fara da iri, domin nan aka fi yin kuskure. FARO 44 da ta cika fadamunmu tana nuna cikin kamar kwana 110 zuwa 120, tana da auki, amma in ruwa ya rufe kanta na 'yan kwanaki ta tafi. A 2017 an fitar da FARO 66 da FARO 67, waɗanda ke jure nutsewa har kusan mako biyu. Dabararsu ita ce in ruwa ya rufe su sai su lafe, su daina miƙewa, su adana ƙarfinsu har ya janye. Sai dai akwai iyaka, kuma masu tallar iri ba sa faɗa. Juriyar tana aiki ne lokacin da shinkafa ke ganye da 'ya'ya. In ta riga ta fidda kai ruwa ya rufe ta, sunan iri ba zai cece ta ba. Ruwan laka mai duhu ma ya fi kashewa da sauri fiye da garau. Bayan ruwa ya janye kada a yi gaggawar watsa taki. A ba ta kamar mako guda ta fidda sabon ganye, sannan a ba ta yuriya kaɗan.

A kwarin da ruwa ke kwana wata guda ko fiye, waɗannan sababbin ba su da amfani. Nan wurin tsohuwar jar shinkafar gulbi ce, mai miƙewa tare da ruwa. Ba ta cika buhu kamar ta zamani, gaskiya ne, amma barin irinta ya ɓace wauta ce. Wanda ke da gona ta gangara daga gefen tudu zuwa kwari ya raba ta uku gwargwadon zurfin da ruwa ke kaiwa, kowane sashe da irinsa.

Kowane iri aka saya, a gwada shi kafin a zuba. A ƙirga ƙwaya 100, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan kwana biyar zuwa bakwai, in waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, a ƙara yawan irin ko a nemi wani. Dashe ya fi watsi tsimin iri nesa ba kusa ba: kilo 25 zuwa 30 ya ishi hekta, alhali watsi na cin 60 zuwa 80. A yi renon a wuri mai ɗan tudu, a dasa yana da kwana 21, tazarar santimita 20 ta kowane ɓangare. Mai hali ya zuba reno na biyu bayan mako biyu. In na farko ya nutse yana da abin cike gurbi.

Da yawa sun koma dogaro da noman rani, kuma suna da hujja. Amma shi ma zafi na jiran sa. In ranar da shinkafa ke fure zafi ya haura digiri 35, furen ba ya ɗaukar ciki, sai ka ga zangarniya a tsaye ƙyam, ka murza ka ji ƙaiƙayi. Wanda ya zuba reno a ƙarshen Janairu, furensa zai faɗo cikin Afrilu, lokacin da Birnin Kebbi ke wuce 40. Gara a zuba cikin Disamba. Sanyin hunturu zai sa renon ya yi rawaya ya yi nawa, amma lulluɓa shi da ciyawa da dare na rage wannan, kuma furen zai riga bazara.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, injin ban-ruwa ya zama abin da ya fi cin aljihun manomin rani. Shinkafa ba ta buƙatar tsayuwa cikin ruwa kullum. A sami bututun roba mai faɗin santimita 10 zuwa 15, tsawon 30, a huda ƙananan ramuka a santimita 20 na ƙasa, a kafa shi cikin fangali ramukan na cikin ƙasa, a kwashe lakar cikinsa. Daga mako biyu bayan dashe, kada a tayar da inji sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, sannan a cika zuwa santimita 5. Mako guda kafin fure zuwa mako guda bayansa ne kaɗai ba a bari ta bushe. Ana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfani ya ragu ba. Inda ake faɗuwa shi ne fangalin da bai daidaita ba: bututun na kwari yana nuna ruwa, can tudu ƙasa ta tsage. A gona mai yashi sosai ma dabarar ba ta cika tafiya ba, ciyawa kuma takan ƙaru, sai an sa ido.

Sauran aikin na gari ne, ba na mutum ɗaya ba. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar saukar ruwa da ta ɗaukewarsa ga kowace ƙaramar hukuma, hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, kuma na fitar da na ambaliya. Akasari a ofis suke tsayawa. Kamata ya yi malamin gona ya kai wa hakimi da sarkin noma, a karanta bayan sallar Juma'a kafin mutane su sayi iri. A bakin gulbi kuma a kafa turken ƙarfe ko na siminti, a yi masa zane da fenti duk santimita 10, a ja jan layi a inda ruwa ya fara shiga gonaki a 2020. Sarkin ruwa ya sa wanda zai duba safe da yamma daga Agusta zuwa Oktoba, ya rubuta a littafi, ya buga wa ƙauyuka biyu na gaba waya. Saurin hawan ya fi tsayin muhimmanci. In ruwa ya haura zane uku cikin dare, a sanar a lasifikar masallaci, a kwashe injuna da buhunan taki daga fadama, shinkafar da kashi 80 na zangarniyarta ya yi ja a yanke ta ranar, a kai tudu a shanya.