Yadda na fara shiga jirgi daga tashar Gbazango

Shekara bakwai ina zaune a Kubwa, ina hango ginin tashar Gbazango daga nesa, amma ƙafata ba ta taka cikinta ba sai a Yunin 2024. Tun 2007, zamanin Obasanjo, aka ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin aikin wannan layin dogo na jirgin ƙasan cikin birnin Abuja. Buhari ya ƙaddamar da shi a Yulin 2018, sai dai tashoshi uku ne suka fara aiki: Metro, Idu da ta filin jirgin sama. Tamu tana tsaye da rufinta da fentinta, babu hanyar kirki da za ta kai mutum bakin ƙofarta. Korona ta zo a 2020 komai ya tsaya cak, har ranar 29 ga Mayun 2024 da Tinubu ya sake buɗe layin, aka ce a hau kyauta.

Ranar farko ina sauka daga keke jirgin yana ja. Na saba da motar haya da ke jiran ta cika, shi kuwa ba ya jiran kowa. Wani dattijo da ke zaune kan benci da ledar goro a cinyarsa ya ce, "Ɗana, jirgi da agogo yake tafiya, gobe ka sammako." Na ce, "To Baba, na gode."

Washegari ina idar da sallar asuba na shirya. Muka bi Kagini, muka tsaya Dei-Dei inda 'yan kasuwa suka shigo da ƙullin kayansu, sai Gwagwa, sai Idu. A nan na sauka na canja zuwa na Metro, ina kallon masu jiran jirgin Kaduna da zai sauke su Rigasa. Ba gumi, ba hayaƙin gosulon titin Kubwa, kuma har na samu na karanta azkar ɗina a zaune.

Abin da na gane a makon farko shi ne lissafin tafiyar ba ya ƙarewa a kan dogo. Akwai kuɗin keke daga gida zuwa tasha, akwai na tasi daga Metro zuwa wurin aiki, sannan dole in san lokacin jirgin yamma kafin in bar ofis. Yanzu lokutan suna rubuce a 'yar takarda cikin aljihun rigata, kuma na yi wa maƙwabcina kwafi ɗaya.