Zazzaɓin Ummi a makonmu na uku a Ingila

Daren da za mu baro Kano, Inna ta cusa mini wata baƙar leda a akwati, cike da magungunan kemis ɗin bakin layinmu: na zazzaɓin cizon sauro, na tari, na ciwon ciki, har da man zafi. Dariya na yi mata. Ai kafin a ba mu biza sai da Baban Ummi ya biya kuɗin lafiya, fam 776 kan kowane mutum a kowace shekara, shi da ni da yarinya, ban da gwajin tarin fuka da ya kai mu Abuja. A tunanina wanda ya zube waɗannan kuɗi asibiti ya zama nasa, duk sa'ad da ya ga dama sai ya shiga.

Muna da kwana huɗu a Leeds, inda karatun digirin digirgir ya kawo Baban Ummi, wata Hajiya 'yar Katsina da ta daɗe a garin ta zo mana sannu da zuwa da kular tuwo. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Ƙanwata, kun yi rajista da GP?" Na ce ai lafiyarmu ƙalau, Hajiya. Ta ce, "To ai da lafiyar ake yi." GP likitan unguwa ne, kuma a tsarin NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnatin ƙasar, shi ne ƙofar gida. In ba gaggawa ba, ba ka ganin ƙwararren likita irin na zuciya sai shi ya tura ka.

Na je ɗin. Matar da ke kan teburin karɓar baƙi ta ce in kawo takardar kuɗin wuta mai ɗauke da adireshinmu. Mu da ko labule ba mu gama ratayewa ba, ina muka ga takardar wuta? Na dawo gida na watsar da zancen. Sai daga baya na san cewa a Ingila rashin shaidar adireshi ko katin shaida ba hujja ba ce ta hana mutum rajista, kuma kyauta ake yi. Kunya da rashin sani ne suka koro ni.

Wata Juma'a da dare jikin Ummi ya yi zafi rau, na'ura ta nuna 39.5. Hannuna har ya kai kan ledar Inna, Baban Ummi ya ce in dakata mu kira 111, lambar neman shawarar lafiya da ake kira idan abin bai kai na 999, lambar gaggawa, ba. Tambayoyi kamar ba za su ƙare ba: tana shan ruwa? Akwai ƙuraje? Wuyanta ya sanƙare? Har na fara ƙosawa sai matar ta tambaya ko yarinyar ta fita ƙasar waje kwanan nan. Da muka ce kwananmu 18 da zuwa daga Najeriya, muryarta ta canza. Ta ce mu kai ta sashen gaggawa a daren nan, kuma mu faɗi wannan maganar tun daga bakin ƙofa. Zazzaɓin da muke kira na sauro muna ci gaba da harkokinmu, su a nan ba sa wasa da shi ko kaɗan.

Awa biyar muka yi kan kujerun roba, Ummi kwance a cinyata lulluɓe da mayafina. Aka ɗebi jini. Likitar ta tambaye ni ko na ba ta maganin cizon sauro a gida, na ce saura ƙiris. Ta ce da na bayar, zai iya ɓoye ƙwayar cutar a gwaji. Sau uku aka maimaita gwajin cikin kwana biyu, babu komai, ashe maƙogwaro ne. Suka ce farasitamol da ruwa kawai. Gaskiya na ji haushi, ba allura, ba ƙarin ruwa, ba kafso. A Kano da na ce wannan likita ba ta san aikinta ba. Kwana uku yarinya ta miƙe tana tsalle. Muna fita ina waige-waigen wurin biya, babu.

Ran Litinin na cike fom ɗin rajista ta intanet, ba wanda ya nemi takardar wuta. Lambobinmu na NHS, kowace mai alƙaluma 10, suka iso a wasiƙa. Nas ta nemi katin rigakafin Ummi na gida, Allah Ya sa na taho da shi duk da ya yi laushi, ta duba abin da ya rage ta sa mana rana.

Ganin likita kyauta ne, amma samun ranar ganinsa wani aiki ne. Ƙarfe takwas na safe nake riƙe da waya ina bin layi kamar na man fetur. Kowane magani da aka rubuta wa babba fam 9.90 ne, na yara 'yan ƙasa da shekara 16 da na masu ciki kyauta. Likitan haƙori kuwa wurare shida na kira, duka suka ce ba sa ɗaukar sababbi.

Ledar Inna tana nan a saman kabad. Duk kiran da muka yi sai ta tambaya ko maganin ya ƙare ta aiko da wani, ni kuma in ce mata da saura.