Ɗumamen da na ba Duna kafin mu hau hanyar Jos

Har yau in rana ta buga motata na buɗe ƙofa, sai wani ɗan wari ya tarbe ni. An wanke kujerar baya sau uku, an cire kafet an shanya, uwargida ta turara turaren wuta har maƙwabta suka zaci biki za a yi. Bai fita duka ba.

Sauyin wurin aiki aka yi mini daga Abuja zuwa Jos, cikin watan Maris, zafi na kan ganiyarsa. Kaya sun yi gaba a babbar mota, direban ya ce shi kam ba ya ɗaukar kare ko nawa za a ba shi. Saura ni da uwargida da yara biyu, sai Duna, karen gadinmu, watansa takwas a lokacin. Sau biyu kawai ya taɓa shiga mota, duka biyun kuwa wajen likitan dabbobi aka kai shi aka tsira masa allura. Wannan ko kusa bai zo mini a rai ba. Yunwa na yi ta tunani.

Bayan sallar asuba na juye masa ɗumamen tuwon jiya da miyar kuka, na ƙara da kawunan kifi, kwano fal. Ya lashe tas. Uwargida na tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Baban Ummi, da wannan cikin za a saka shi a mota?" Na ce mata tafiyar kusan awa biyar ce, wa zai tsaya ba kare abinci a hanya? Ta yi shiru irin nata. Na ɗaure shi da igiya a can baya wajen kaya, fuskarsa na kallon inda muka baro, na rufe gilasai na kunna esi, wanda iskarsa ko kujerar yara ba ta kaiwa sosai.

Tun kafin Keffi ya fara hamma. Hamma, lasar baki, sai miyau ya shiga dalala kamar an kunna famfo, yana haki yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Ni a nawa wayon ƙishirwa ce. Muna isa Akwanga na tsaya na sayi ruwan leda uku na zuba masa, ya sha abin da ya sha a kan tuwon nan.

Wanda ya san Hawan Kibo ya san sauran labarin. Titi ne mai hawa, kwana bayan kwana, ga tireloli na rarrafe a gabanka, ka taka birki ka taka totur, ba wurin da za ka raɓa ka tsaya. A kwana ta uku ko ta huɗu Duna ya dawo mini da tuwona gaba ɗaya, da kuka da kifi da ruwan Akwanga, ya fizge igiyar ya haura kujerar baya ya ƙara wani a can. Warin ya bugi Ummi, ita ma ta amayar da nata. Ƙaramin ya fashe da kuka. Sai da muka kusa Riyom na samu inda zan sauka gefen titi. Uwargida ba ta ce uffan ba, tsumma kawai ta miƙo mini. Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kuɗin wankin mota ba shi ne asarar ba. Bayan mako guda na ce bari in kai shi a duba, Duna na ganin na buɗe ƙofar mota ya kwanta a ƙasa yana karkarwa, miyau ya fara zuba ko injin ban tayar ba. Karen da ke sa mai tallan ruwa ya gudu ya bar kurarsa! Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Dole likitan ne ya biyo mu gida.

Shi ya warware mini abin. Ya ce can cikin kunne akwai sashen da ke daidaita tsayuwar jiki, a kwikwiyo bai gama ƙwari ba, shi ya sa ƙananan karnuka suka fi jiri a mota, da yawansu kuma in sun kai shekara abin yakan ragu. Hammar nan da lasar baki da dalala, duk alamun tashin zuciya ne. Sai ya tambaye ni me kare ya ci da safen. Na gaya masa. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai kai ka ɗura bindigar, Hawan Kibo harbawa kawai ya yi." Ya ce jirin yana da magani, amma tsoron da na dasa masa sai haƙuri.

Haƙurin nan wata uku ya ci. Da farko kwanon abincinsa nake ajiyewa kusa da tayar mota, motar a kashe. Kwana huɗu yana kallon kwanon daga nesa kafin ya yarda. Daga nan bakin ƙofa, daga nan ciki, ƙofofi a buɗe, ina zaune kusa da shi kamar mai zaman jinya. Ranar da na fara tayar da injin ya yi tsalle ya fice, muka koma baya da mako guda. Ban ja shi da ƙarfi ba, ban daka masa tsawa ba, ko da yake Allah ya sani na so. Da ya saba da ƙarar, sai fita ta minti biyu zuwa ƙarshen layi mu dawo. Sai minti biyar. Kullum kuma inda za mu sauka wurin da yake so ne, wani fili da duwatsu a bayan unguwarmu, in sake shi ya yi gudunsa. Mota ta daina zama hanyar allura da amai kawai.

Wani maƙwabcina ya ba ni shawarar in jefa masa ƙwayar barci ta mutane a abinci a huta. Na tambayi likita, ya hana ni. Ya ce kare zai iya yin laƙwas a waje, tsoron na nan a ciki, kuma wasu magungunanmu irin su ibuprofen guba ne gare shi. Abin da ya rubuta mini maropitant ne, wanda ake sayarwa da sunan Cerenia, a ba shi awa biyu kafin tashi, gwargwadon nauyin kare. Amai yake hanawa, ba ya sa barci, tsoro kuma ba ruwansa da shi.

Da hutun yara ya zo muka sake bin hanyar nan. Cin ƙarshe da daddare, da safe ɗan abin da zai haɗiyi ƙwaya da shi kawai. Na saka shi a keji a kujerar baya, na ɗaure kejin da bel, fuskarsa gaba, da tsohon buhun da yake kwana a kai. Gilas a ɗan sauke don iska ta ratsa. Mun tashi tun da sanyin safiya, kowace awa ɗaya da rabi in tsaya ya taka ƙasa ya ɗan lashi ruwa kaɗan, ba leda uku ba. Ko da muka tsaya cin abinci ban bar shi a rufaffiyar mota ba, don da haki kare ke fitar da zafi, cikin 'yan mintuna rana za ta iya kashe shi.

Muna gangara Hawan Kibo idona ɗaya na titi ɗaya na madubi. Ya yi hamma sau ɗaya, gabana ya faɗi. Sai ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa ya lumshe ido. Mun wuce mahaɗar Forest uwargida ta waiwaya ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Baban Ummi, ba za a tsaya a ba shi ɗan ɗumame ba?"